Permin tuƙa babur ga baƙon da ke zaune a Dakoro: abin da doka ke nema da hanyar da ake bi

A gundumar Dakoro da ke arewacin jihar Maraɗi, babur shi ne ƙafar jama'a. Da shi ake zuwa cin kasuwannin Kornaka, Sabon Mashi, Ajekoriya da Sakabal, da shi ake kai mara lafiya asibiti, da shi malamin makaranta da ma'aikacin ƙungiyar agaji ke shiga ƙauyukan da mota ba ta kaiwa saboda rairayi. Cikin masu hawansa akwai baƙi da dama: ƴan Nijeriya masu kasuwanci da kanikanci, ƴan Benin, Togo da Gana masu sana'o'in hannu, da ma'aikatan ƙungiyoyi da aka turo daga wasu ƙasashe. Da yawansu sun iya tuƙi tun suna yara, wasu ma suna da lasisin ƙasarsu cikin aljihu. Abin da ya kamata su sani shi ne, a idon doka, izinin tuƙi yana bin wurin da mutum yake zaune. Wanda ya zo cin kasuwa ya koma, hukuncinsa dabam. Wanda ya kama ɗaki ya zauna, nasa dabam.

Mene ne permi, kuma me ya bambanta shi da sauran takardu

Permi, wanda a Nijeriya ake ce wa lasisi, takarda ce da hukuma ke bai wa mutum bayan ta jarraba shi, ta tabbatar ya san dokokin hanya kuma ya iya sarrafa abin hawa. A Nijar, ma'aikatar sufuri ce ke bayar da shi, a ƙarƙashin dokar hanya mai lamba 2014-62 ta ranar 5 ga Nuwamba 2014. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, ANISER, ita ke da aikin faɗakarwa da bin diddigin haɗurra. Ƴan sanda a cikin gari da jandarmomi a kan manyan hanyoyi su ke tsayar da mutum su nemi takardu.

Mutane kan haɗa takardu huɗu su kira su da suna ɗaya, alhali kowace da aikinta. Permi na mutum ne, yana ɗauke da sunansa da hotonsa, ba a aronsa, ba a gadonsa. Kartigiris ta babur ce, tana nuna lambarsa da sunan mai shi. Asirans yarjejeniya ce tsakanin mai babur da kamfanin inshora domin biyan wanda aka yi wa ɓarna. Binyet kuwa haraji ne na shekara da ake biyan baitulmali. Samun ɗaya daga cikinsu ba ya ɗauke wa mutum sauran.

An kasa permi rukuni-rukuni bisa tsarin yarjejeniyar Biyena ta 8 ga Nuwamba 1968, wadda Nijar ke cikinta. Rukunin A na babura ne. Rukunin B na ƙananan motoci ne da nauyinsu bai wuce kilo 3,500 ba, masu kujeru takwas ban da ta direba. C na motocin kaya, D na motocin fasinja, E na masu jan tirela. Direban da ya shekara ashirin yana jan babbar mota tsakanin Maraɗi da Kwatano, idan babu harafin A a cikin perminsa, a kan babur daidai yake da wanda bai taɓa shiga jarrabawa ba. Galibin baburan da ke yawo a yankin, irin su Kasea, Haojue, Royal da Boxer, ƙarfin injinsu yana tsakanin cc 100 da 150, don haka sun wuce matsayin keke mai ƙaramin inji. Girman injin yana rubuce a takardar babur, kuma shi ake dubawa wajen tantance ajin da mutum zai nema.

Baƙo mai wucewa da baƙo mazauni

Dokokin ƙasa da ƙasa sun raba baƙi gida biyu. Na farko shi ne mai ziyara: ɗan kasuwar da ya taso daga Jibiya ko Illela ya kwana biyu ya juya, ko wanda ya zo biki ko ta'aziyya. Yarjejeniyar CEDEAO kan walwalar jama'a, da aka sa wa hannu a Dakar ranar 29 ga Mayu 1979, ta ba ɗan ƙasar ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ba tare da biza ba har tsawon kwana 90. Ta kuma yarda abin hawa na kashin kai ya shiga na kwana 90, muddin mai shi ya nuna permi mai aiki, takardar mallaka, inshora da takardar duwan. Abin hawa na haya kwana 15 aka ba shi. Irin wannan baƙon lasisin ƙasarsa ya ishe shi, idan bai mutu ba kuma yana ɗauke da rukunin babur.

Na biyu shi ne wanda ya mayar da Nijar mazauninsa: ya buɗe shago, ya kawo iyali, ko yana aiki da kwantiragi. Yarjejeniyar Biyena ta wajabta wa ƙasa ta amince da permin baƙo har zuwa lokacin da ya zama mazauninta. Daga nan ƙasar na da ikon neman ya mallaki nata. Dalilin a fili yake. Ƙasar da mutum ke zaune ita ce ke iya kiransa gaban alƙali, ta dakatar da perminsa ko ta janye shi idan ya yi ganganci. Jandarman Dakoro ba shi da hanyar soke takardar da aka buga a Abuja ko Lome.

Akwai kuma permin ƙasa da ƙasa, ɗan littafin nan da wasu ke ɗauka ya fi kowane ƙarfi. Fassara ce kawai ta permin gida zuwa harsuna da dama. Ba ya aiki sai an haɗa shi da na asali, ba ya aiki a ƙasar da ta bayar da shi, kuma yana da wa'adi: shekara ɗaya a tsarin yarjejeniyar Janeba ta 1949, shekara uku a mafi yawa a tsarin Biyena. An yi shi ne domin matafiya. Ga ɗan Nijeriya ko ɗan Gana yana da amfani guda: jami'in da bai karanta Ingilishi ba zai ga bayanin da Faransanci.

Abin da ya sauya bayan ficewa daga CEDEAO

Nijar, Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewarsu daga CEDEAO ranar 28 ga Janairu 2024, ficewar kuma ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. Kafin wannan rana, a watan Disamba 2024, ƙawancen AES ya bayyana cewa ƴan ƙasashen CEDEAO za su ci gaba da shiga, zama da fita daga ƙasashensa ba tare da biza ba, bisa kiyaye dokokin kowace ƙasa. Ita ma CEDEAO ta umurci mambobinta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar ƴan ƙasashen uku har sai an cimma sabuwar matsaya. Nijar na nan kuma cikin UEMOA tare da Benin, Togo, Kodebuwa, Senegal, Gine Bisau, Mali da Burkina Faso.

Sharaɗin nan na kiyaye dokokin kowace ƙasa shi ne ya fi shafar baƙon da ke Dakoro. A watan Janairu 2025 hukumomin Nijar sun fitar da sabuwar doka kan shigowa da zaman baƙi, wadda ta wajabta wa kowane baƙo mallakar takardar tafiya ko ta zama mai inganci, ta kuma tsananta hukunci ga wanda ya saɓa. Hukumar ƴan sanda mai kula da shige da fice, DST, ita ke bayar da takardar zama. Saboda haka baƙon da ke son permi, matakinsa na farko shi ne gyara takardun zamansa. Ofishin sufuri ba zai buga wa mutum permi ba alhali ba a san sunansa na gaskiya, ranar haihuwarsa da adireshinsa ba.

Wannan ya fi yi wa Hausawan Nijeriya wuyar fahimta, domin harshe ɗaya ne, addini ɗaya, akwai auratayya, kuma mutumin Katsina ba ya jin kansa baƙo a ƙasar Maraɗi da Katsinawa suka kafa. A zaure da masallaci haka abin yake. A gaban teburin ma'aikaci kuwa takardar haihuwa ake dubawa. Wasu kan bi ta bayan gida su sayi takardar zama ɗan ƙasa ta bogi don su huta da dogon zance. Yin haka laifi ne mai zaman kansa, ya fi tuƙi ba permi nauyi, kuma duk takardar da aka gina a kanta rusasshiya ce ranar da asiri ya tonu.

Ƴan gudun hijirar da rikicin ƴan bindiga ya koro daga Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi tun daga 2019 suna da tasu hanyar. Yarjejeniyar 1951 kan ƴan gudun hijira ta ɗora wa ƙasar da ta karɓe su alhakin ba su takardar shaida, kuma a Nijar hukumar tantance ƴan gudun hijira ta ƙasa ce ke yin wannan aiki tare da HCR. Wannan katin shi ke tsaya musu a matsayin shaida idan za su nemi wata takarda.

Matakan neman permi daga Dakoro

Ofishin ma'aikatar sufuri na jiha yana Maraɗi, kimanin kilomita 120 kudu da Dakoro, kuma can ne dosiyen mai nema ke ƙarewa. Ya kamata mutum ya sa tafiya fiye da ɗaya cikin lissafinsa, ya kuma tambayi ranakun jarrabawa kafin ya kama hanya.

Takardun da aka saba haɗawa su ne: takardar neman izini, shaidar ko wane ne mutum (fasfo, katin ƙasarsa ko katin ofishin jakadanci), takardar haihuwa, takardar zama ga baƙo, shaidar mazauni, takardar likita mai nuna lafiyar jiki da ta ido, hotuna, da shaidar biyan kuɗin tambarin gwamnati. Shaidar mazauni a Dakoro ake yinta, ta hannun hukumomin garin, kuma sanin mai unguwa ko mai gidan da mutum ke haya yana sauƙaƙa ta. Takardar da aka rubuta da Ingilishi ko Larabci akan nemi a fassara ta zuwa Faransanci a hukumance. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, amma har yanzu da Faransanci ake cike takardun ofis.

Abin da ya fi ɓata wa mutane lokaci shi ne saɓanin suna. Mutum ɗaya zai zama Usman a katin Nijeriya, Ousmane a takardar haya, Oumarou a rasit ɗin babur saboda kuskuren magatakarda. Haka ranar haihuwa: wata takarda ta ce 1 ga Janairu, wata ta kawo shekara kawai. Tun da aka koma permi na zamani mai ɗaukar hoto da zanen yatsa, na'ura ba ta karɓar «ai duk ni ne». Mai nema ya zaɓi rubutun da ke cikin fasfonsa ko katinsa, ya tabbatar kowace takarda ta bi shi harafi da harafi.

Daga nan sai makarantar koyon tuƙi. Yawancinsu suna Maraɗi, kuma sun fi saba da masu neman rukunin B, don haka mutum ya faɗa tun farko cewa na babur yake so, ya ga an rubuta haka a takardar rajista. Duk kuɗin da ya biya ya karɓi rasit mai tambari. A bakin kowane ofishi akwai ƴan tsakiya masu cewa za su kawo permi har gida ba tare da jarrabawa ba. Abin da suke kawowa sau da yawa kati ne da lambarsa ba ta cikin rajistar gwamnati: yana iya wuce shingen kan hanya sau goma, amma ba zai wuce binciken kamfanin inshora ko na alƙali ba.

Jarrabawa da inda baƙi suka fi faɗuwa

Jarrabawar kashi biyu ce: dokokin hanya, waɗanda aka fi sani da kod, sai tuƙi a aikace. Wanda ya girma a kan babur ba ya jin tsoron kashi na biyu, ko da yake mai jarrabawa ba gwanintar ratsa rairayi yake dubawa ba. Yana duba ko mutum ya sa hular kwano ya ɗaure ta, ko ya waiwaya kafin ya tashi, ko ya ba da sigina, ko ya iya tafiya a hankali ba tare da sa ƙafa ƙasa ba, ko ya iya taka birkin gaba da na baya tare ya tsaya inda aka ce.

Kod shi ke kayar da mutane. Alamomin hanya suna da tsari: mai kusurwa uku da jan baki gargaɗi ne, zagayayye mai jan baki hani ne, zagayayye shuɗi umurni ne, mai kusurwa huɗu bayani ne. Mai kusurwa takwas ja yana nufin tsayawa cak, ko da babu kowa a hanya. Mai kusurwa uku da aka kifa kansa ƙasa yana nufin a ba wasu hanya. Wanda ya riƙe wannan tsari ya rage wa kansa rabin wahala, domin siffa da launi suna magana ko mutum bai iya karatun boko ba.

Sai ƙa'idar ba na dama hanya. A mararrabar da babu alama, babu danja, babu ɗan sanda, wanda ya fito daga hannun damanka shi ke da hanya, ko da keke yake kai kuma kana kan sabon babur. A garuruwan da aka saba cewa mai babban titi ko mai ƙarfin hali shi ke fara wucewa, wannan ƙa'ida kan zo wa mutum baƙuwa. Game da gefen tuƙi babu matsala tsakanin maƙwabta: Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 2 ga Afrilu 1972, Gana ta bi sahu a 1974. Baƙin da suka fito daga Indiya, Pakistan, Kenya ko Ingila su ne ke bukatar sake saba hannu.

Wanda ya zo da lasisin ƙasarsa

Mazaunin da ke da lasisi mai inganci daga gida yana iya kai shi ofishin sufuri ya nemi a musanya masa da na Nijar maimakon ya faro daga tushe. Ƙa'idojin da ƙasashe ke bi wajen musanya kusan ɗaya ne. Dole lasisin ya kasance da ransa. Dole a ce an same shi lokacin da mutum ke zaune a ƙasar da ta bayar. Dole hukumar da ta buga shi ta tabbatar da sahihancinsa: a Nijeriya hukumar FRSC ce, wadda aka kafa a 1988, a Gana kuma DVLA. Sannan rukunin da ke ciki kawai ake mayarwa. Mai lasisin mota ba ya fita da na babur.

A nan akwai tarko ga ƴan Nijeriya. Haruffan lasisinsu ba su yi daidai da na ƙasashe masu Faransanci ba daga C zuwa sama, amma A a duka ɓangarorin babur yake nufi. Wanda katinsa ya nuna B kaɗai, ko ya shekara yana acaɓa a Gusau, sai ya shiga jarrabawar babur. Haka Bafaranshen da ke hawan babur mai cc 125 a gida da permin mota bayan horon awa bakwai: wannan sassauci na cikin Faransa ne, ba ya tsallake iyaka.

Takardun babur ɗin kansa

Babura da yawa a jihar Maraɗi ta iyakar Nijeriya suke shigowa, wasu sababbi cikin kwali, wasu na hannu. Baƙon da ya shigo da nasa don ziyara takardar wucewa ta duwan yake karɓa, mai wa'adi. Idan zama ya kama shi, sai ya biya kuɗin duwan, a yi wa babur rajista, a ba shi lambar Nijar da kartigiris da sunansa. Mai sayen na hannu a kasuwa ya duba lambar da aka buga a jikin ƙarfen babur da ta inji, ya gwada su da abin da ke takarda, ya kuma sa a rubuta takardar ciniki da shaidu. A yankin da satar babura da safarar su ga ƴan bindiga ta zama abin damuwa ga jami'an tsaro, baƙon da aka kama da babur mara asali tambayoyin da zai amsa sun wuce na haraji.

Wanda zai yi kabu-kabu yana da ƙarin sharuɗɗa, domin ɗaukar fasinja don kuɗi sana'a ce. Akwai rajista da harajin ma'aikatar magajin gari, akwai ƙungiyar ƴan kabu-kabu ta tasha, kuma dole a gaya wa kamfanin inshora cewa babur na haya ne, saboda asirans ɗin hawan kai dabam yake da na haya.

Ranar da permi ke nuna amfaninsa

A kwanakin lafiya, rashin permi tara ce da kai babur furiya. Nauyinsa na gaskiya sai ranar hatsari yake bayyana. Nijar na cikin ƙasashen da ke bin kundin inshora na CIMA, wanda ya samo asali daga yarjejeniyar Yawunde ta 10 ga Yuli 1992. Kuduri na 200 na kundin ya wajabta inshora ga duk abin hawa mai inji, domin biyan wanda aka raunata ko aka lalata wa dukiya. Kuduri na 207 ya ba kamfani damar sa sharaɗin cewa ba ya ɗaukar nauyin direban da ba shi da permin da ya dace. Kuduri na 210 kuma ya ce wannan sharaɗi ba ya hana wanda aka buge haƙƙinsa: kamfani zai biya shi, sannan ya juyo kan mai laifi ya nemi kuɗinsa.

Ma'anar wannan a aikace ita ce, mai babur da ya biya asirans shekara da shekaru amma ba shi da permin A, idan ya karya wa yaro ƙafa a bakin kasuwa, kuɗin magani da diyya daga ƙarshe a wuyansa za su sauka. Ga baƙo abin ya fi tsanani. Ba shi da dangi kusa da za su tsaya masa a yi sulhu, shagonsa da kayan aikinsa su ne abin da za a iya kamawa, kuma hukuncin kotu na iya shafar takardar zamansa. Mai tsallaka iyaka kuwa yana bukatar katin inshora mai ruwan ƙasa da aka kafa da yarjejeniyar Kwatano ta 29 ga Mayu 1982, domin asirans ɗin gida a iyaka yake tsayawa. Kamfanin inshora ne ke bayar da shi kuma shi ke faɗin ƙasashen da yake aiki.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, na 2023 sun nuna mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanyoyi kowace shekara, kuma nahiyar Afirka ce ke kan gaba idan aka kwatanta da yawan jama'a, da kimanin mutum 19 cikin kowane 100,000. Hukumar ta ce hular kwano mai inganci, idan an ɗaure ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau shida, tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da abin da ya kai kashi 74 cikin 100. A Dakoro, inda mai mummunan rauni a ka sai an ɗauke shi zuwa Maraɗi, wannan lissafi ya fi na tara muhimmanci.

Ɗan Dakoro idan shi ne baƙon

Ƙa'idar nan ta mazauni tana aiki ta ɗaya gefen ma. Dakoro ƙasar ƴan cirani ce, matasanta na tafiya Kano, Legas, Abija, Libiya da Aljeriya, da yawansu kuma babur ne abincinsu. A Nijeriya lasisin babur aji A ne, ana nemansa daga shekara 18, jami'an VIO na jiha ke gwada mutum, FRSC ke ɗaukar hoto da zanen yatsa, kuma ana neman lambar shaida ta NIN. Ɗan Nijar da ke can yana iya yin katin ofishin jakadanci a Abuja ko a ƙaramin ofishin da ke Kano don ya samu abin nunawa. Sai dai lasisi ba ya buɗe hanyar da gwamnati ta rufe: Kano ta hana acaɓa a cikin birni tun Janairu 2013, Legas kuma ta hana shi a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yuni 2022, ta ƙara wasu daga baya, kuma baburan da aka kama murƙushe su ake yi.

A Faransa, permin ƙasar waje yana aiki shekara ɗaya daga ranar da mutum ya zama mazauni. Cikin wannan shekarar zai nemi musanya idan akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu, in babu sai jarrabawa. Ɗalibai an bar su su yi amfani da nasu har ƙarshen karatu. Babura a can hawa-hawa ne: A1 daga shekara 16 ga inji har cc 125, A2 daga shekara 18 ga mai ƙarfin da bai wuce kilowat 35 ba, sai cikakken A bayan shekara biyu da A2. A Amurka kowace jiha da dokarta; a New York sabon mazauni kwana 30 gare shi ya nemi lasisin jihar, na babur kuma aji M ne. A Saudiyya sai mai iƙama. A Libiya da Aljeriya, inda akasarin ƴan cirani ba su da takardar zama, ƙofar permi a rufe take tun daga matakin farko.

Inda permi ba ya isa

Ko da takardu sun cika, akwai wuraren da dokar ta-ɓaci ta hana hawan babur saboda tsaro. An yi haka a jihar Difa daga Fabrairu 2015, aka yi a sassan jihar Tilaberi daga 1 ga Janairu 2020, wasu jihohin arewa maso yammacin Nijeriya ma sun ɗauki irin wannan mataki a 2021. Irin waɗannan dokoki kan sauya daga wata zuwa wata, gwamna ko perfe ke sanar da su, kuma rediyon gari ne ya fi saurin kai labarinsu. Baƙon da zai yi doguwar tafiya daga Dakoro, ko arewa wajen Bermo ko kudu wajen iyaka, ya tsaya ofishin jandarma ya tambayi halin hanya, ya tafi da takardunsa na asali, ya bar kwafinsu a gida wurin wanda ya yarda da shi. Hausawa sun ce kowa ya kwana lafiya shi ya so.